Shin "satiated" ƙoshi ne ko gamsuwa?

Malam Bala: Jama'a, ina nan kan bakana. "Satiated" da "satisfied" abu ɗaya ne, sai dai ta farko ta fi nauyi. Dukkansu daga kalmar Latin "satis" suka fito, wato "ya isa". Jiya wata ɗaliba ta rubuta cewa ta zama "satiated" da sakamakon jarrabawarta, kuma na ba ta makinta.

Hajiya Rabi: Malam, a yi mini afuwa, da ni ce da na ja mata jan biro. Uwa ɗaya uba ɗaya ba ya sa hali ya zo ɗaya. "Satisfied" gamsuwa ce: ka kai ɗinki, tela ya yi yadda kake so, ka gamsu. "Satiated" kuwa ƙoshi ne, irin na ranar Babbar Sallah da yamma, a miƙo maka soyayyen nama ka kau da kai. Wa ke ƙoshi da sakamakon jarrabawa?

Malam Bala: Ai Turawa na amfani da ita a abin da ba abinci ba, Hajiya.

Hajiya Rabi: Ƙwarai, amma sai inda akwai yunwa ko ƙishirwar abu: son mulki, son kuɗi, ɗokin jin labari. Shi ya sa suke kiran mai haɗama "insatiable", wanda ba ya ƙoshi.

Nura: Malamaina, ni a ganina har ta ɗan wuce ƙoshi, ta kusa da "ginsa". Kamar ka sha zuma cokali biyar, na shida ranka ya ƙi. Akwai kuma 'yar'uwarta "sated". A tsohon Turanci dangin "sad" ce, domin asalin ma'anar "sad" ƙoshi ne har da gajiya, daga baya ta koma baƙin ciki.

Malam Bala: Wannan na "sad" ban taɓa ji ba, Nura. To amma in baƙo ya gama cin tuwo, me zai ce? Mu nan "I am satisfied" muke cewa.

Nura: A Ingila "I'm full" aka fi ji a baki. "Satiated" ta rubutu ce, da ta likitoci masu maganar rage ƙiba.

Malam Bala: Na yarda da batun ginsa, amma ba zan cire mata makin ba, ta yi ƙoƙarin neman kalma.

Hajiya Rabi: Bar mata makin, Malam. Amma don Allah ka kira ta gobe ka nuna mata bambancin, kafin ta rubuta shi a WAEC.