Ta yaya zan yi maganar ciwon sanyi a TikTok ba a zage ni ba?

Nas_Fagge: Assalamu alaikum. Nas ce ni a Kano. Kullum sai 'yammata sun zo min da ciwon sanyi bayan sun gama ɗirkar haɗin da suka saya a intanet, wata ma sai abin ya kai mara. Na yi bidiyo ɗaya a TikTok na ce a daina sayen magani ba gwaji. Wallahi kafin magariba har 'yar iska an kira ni, yayana kuma ya ce in sauke. Masu tallar kayan mata kuwa ba mai ce musu uffan. Yaya zan yi?

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ta ƙofar aure za ki shiga. Tun 2024 dokar Kano ta wajabta gwaji kafin ɗaurin aure: ƙanjamau, ciwon hanta, sikila da tunjere. Ki fara da bayanin wannan, ba uban da zai yi faɗa. Daga nan sai ki gangaro kan sanyi a hankali.

Malam Sani: Malama, fiƙihu ma bai ɓoye maganar haila da janaba ba. Ki tsare lafazi kawai.

Ɗan Maraɗi: Mu maza fa? Abokina watanni ya yi yana jin zafin fitsari, kunya ta hana shi zuwa asibiti.

Nas_Fagge: Ai kuwa, in ba a yi wa miji magani tare da matar ba, ciwon dawowa yake. Anti, na gode, da gwajin auren zan fara ranar Asabar.