Maɓalli ɗaya na kwansatinata ya yi shiru

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar kwansatina (ƙaramin kayan kiɗa mai zugazugi da ake matsawa a ja da hannu biyu) samfurin Anglo mai maɓalli 30. Ɗaya daga cikinsu yana ba da sauti idan na matsa zugazugin, amma idan na ja sai shiru. In buɗe ta da kaina?

Amsa: Wa'alaikumussalam. Buɗe ta, malam. A Anglo kowane maɓalli harsunan ƙarfe biyu masu ba da sauti gare shi, na matsawa da na ja, shi ya sa rabi kaɗai ya mutu. Galibi ƙura ce ta maƙale. Zura siririyar takarda ƙarƙashin harshen, ka ɗan ɗaga shi a hankali. Sukurorin gefe kuwa, kowanne ya koma raminsa, kuma kada ka ɗaure da ƙarfi, katakon tsagewa yake.

Amsa: Ka duba 'yar fatar da ke rufe ramin iska. Idan ta bushe ta naɗe, canza ta. Da gam ɗin da ake yi da fatar dabba nake liƙawa, don ɗan ruwa yana ɓamɓare shi wata rana.

Amsa: Ni dai roƙona, kada magagari ya taɓa harshen. Ka goge baki sauti ya hau, ka goge gindi ya sauka, kuma ƙarfen da ya tafi ya tafi kenan.