Injin wanki mai tsimin wuta: shin kuɗinsa yana fita?

Uwargida daga Kano:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga suka yi amfani da injin wanki mai buɗewa ta gaba, wanda masu shago suke cewa yana tsimin wuta. Shekara shida ke nan ina amfani da mai baho biyu da ake zuba wa ruwa da bokiti, kuma tun da kuɗin yunit na layin Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, ya haura naira 200 a 2024 nake sa ido kan duk abin da ke cin katin mita. Mu takwas ne a gidan, ana wanki sau uku a mako. Shin sabon zai rage mini kuɗin wuta har ya biya bambancin farashinsa, kuma inbatar gida za ta ɗauke shi?

Malami daga Zariya:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Na sayi irinsa shekara biyu da suka wuce, kuma na taɓa kashe komai a gidan na tsaya gaban mita don in ga abin da yake ci. Da ruwan sanyi bai cinye rabin yunit ba, amma da na sa shi a kan zafin digiri 60 sai da ya haura yunit guda, domin dumama ruwa shi ne yake shan wutar, juya kayan ba ya cin abin kirki. Tun da naki na yanzu ba ya dumama ruwa, kada ki sa ran wani ragi mai yawa a mita. Inda na ga riba ta gaske shi ne ruwa, domin wanki ɗaya da ɗaurayarsa ba ya wuce jarka biyu zuwa uku, alhali a da sai mun sayi kura guda daga mai ruwa.

Mai gyaran kayan lantarki:
Maganar Malam gaskiya ce. Hitar irin waɗannan injuna tana jan kusan wat 2,000, saboda haka in a kan inbata za a yi wankin, a zaɓi ruwan sanyi, kuma a yi shi da rana tsaka lokacin da sola take caji. Game da takardar da ake liƙawa a jikinsu mai nuna matakin tsimin wuta, Tarayyar Turai ta sauya tsarinta a watan Maris na 2021, ta bar tsohon matakin ƙoli na A+++ ta koma daga A, wanda ya fi tsimi, zuwa G, don haka na hannu mai ɗauke da A+++ ba lallai ne ya fi sabo mai alamar C tsimi ba. Abin da ya fi kawo mini su shago kuwa ƙonewar allon lantarki ne idan wuta ta dawo da ƙarfi, kuma kuɗin allon kan kai wani kaso mai tsoka na kuɗin injin, saboda haka sitabilaiza ta zama dole. A kuma duba tsayin tanki, domin in ruwan famfo ba shi da ƙarfi injin yana iya tsayawa ya ƙi fara wanki.

Ma'aikaciyar jinya daga Kaduna:
Ni abin da ba a gaya mini ba kafin in saya, 'yar uwa, shi ne daɗewa. Tsarin wanki na tsimi da aka rubuta wa Eco yana cin kusan awa uku, kuma ran da aka ɗauke wuta ana tsaka da wanki ƙofar ta ƙi buɗewa, kayan makarantar yara suka kwana a jiƙe a ciki. Sai dai yana matse kaya sosai, har da damina zannuwan gado sukan bushe kafin la'asar. Shaddar maigida kuwa ban taɓa sa ta ciki ba, har yau wurin mai wanki da bugu take zuwa.

Uwargida daga Kano:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ruwa muke saye kullum, don haka lissafin jarka zan yi kafin in yanke shawara. Malam mai gyara, tankinmu a kan soron bene mai hawa ɗaya yake, shin ƙarfin ruwansa zai isa ko sai an ƙara ɗan famfon turawa?