Auna ƙarfin rini a ruwa mai gudu ta hanyar haske

Ɗalibin kimiyya: Assalamu alaikum malamai. Ina son auna yawan shuɗin rini a ruwan da ke fita daga marina yana cikin gudu, ba sai an ɗiba a kwalba ba. Haɗin shi ne bututun gilashi, ƙwan LED a gefe guda, fotodayod (na'urar da ke auna ƙarfin haske) a ɗaya gefen. Idan rini ya yi kauri lambar ba ta ƙara hawa, kuma ko ruwan bai canza ba sai ta yi ta rawa. Ina gyaran yake?

Malamin ɗakin gwaji: Wa alaikumus salam. Kada ka yi aiki da lambar fotodayod kai tsaye. Bisa dokar Beer da Lambert, abin da ke tafiya daidai da yawan rini shi ne A, wato ma'aunin hasken da rinin ya shanye: A = log(I₀/I). I₀ hasken da ya ratsa ruwa zalla ne, I kuma wanda ya ratsa mai rini. Ka fara kashe ƙwan, ka karanta lambar duhu, ka cire ta daga dukansu.

Tsayawar lambar kuwa ga dalilinta. Idan A ta kai 1, kashi 10 cikin 100 na hasken ne ke wucewa, idan ta kai 2 saura kashi 1 kacal. A nan ɗan hasken da ya sulalo ta gefen bututu ya isa ya ɓata awon. Ka tsaya tsakanin 0.1 da 1. In ta wuce, ka sirka da ruwa, ko ka rage tazarar da hasken ke ratsawa daga milimita 10 zuwa 2.

Ƙwan LED mai farin haske bai dace ba. Indigo kamin, wani shuɗin rini mai narkewa da za ka yi gwaji da shi, ya fi shanye haske mai tsawon zango wajen nanomita 610, don haka ka nemi ƙwai mai kalar ruwan lemo da ya karkata zuwa ja. Ka narkar da giram 0.1 a lita 1, ka sirka zuwa miligiram 2, 5, 10 da 20 a lita, ka auna kowanne, ka ja layin gwaji mai nuna A a kan yawan rini.

Injiniyan lantarki: Rawar lambar yawanci kumfa ce, ɗan'uwa. Ka miƙar da bututun tsaye, ruwan ya riƙa hawa sama, kumfa ba za ta maƙale ba. Ka rufe haɗin cikin akwati mai baƙin fenti saboda rana, ka ba ƙwan wuta tsayayya. Bututu mai zagaye yana lanƙwasa haske, mai shafaffen bango ya fi. Rini na kama gilashi, sai a riƙa wankewa ana sake ɗaukar I₀.

Mai binciken ruwa: Malam, akwai abin da ya fi waɗannan muhimmanci. In shunin gargajiya kake nufi irin na marinar Ƙofar Mata a Kano, ba ya narkewa a ruwa. A cikin rami, inda baba ya ruɓe da toka, a narke yake, kalarsa rawaya-kore. Da ya sha iska sai ya koma shuɗi, ya zama ƙananan ƙwayoyi masu yawo. Su kuwa watsa haske suke yi kamar laka, na'urar ta ɗauka shanyewa ce.

Rinin masaƙu mai narkewa, irin na unguwannin masana'antu na Sharaɗa ko Chalawa, ana tace shi da matata mai ƙofofin maikiron 0.45 kafin awo. Amma in ka tace shuni, ka kwashe abin da kake son aunawa ke nan. Ka ƙara ƙwai na biyu mai nanomita 850, inda rinin bai cika shanye haske ba, don ya nuna maka yawan dagulewar ruwan. Layin gwajin ma ka ja shi da ainihin shunin marinar, ba da indigo kamin ba.