Intanet na kebul a gidan haya a Ingila, wa ya taɓa sawa?

Abban Ilham:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah ina neman shawarar waɗanda suka riga mu zama a ƙasar nan. Sati biyu kenan da muka tare a wani gida a Leicester, irin tsofaffin gidajen nan na jan bulo da ke manne da juna, an raba shi biyu mu muna sama wasu turawa na ƙasa. Tun da muka shigo da datar wayata muke lallaɓawa kuma gaskiya abin ya ƙi, uwargida daga gida take aiki kullum tana kan kiran bidiyo da ofis, ni kuma ina shekarar ƙarshe ta digiri na uku ina tura manyan fayil zuwa makaranta, ga kiran Hajiya a Katsina duk dare wanda shi kam ba fashi don sai ta ga jikokinta take kwanciya.

Na sa adireshinmu a shafin Virgin Media, kamfanin intanet na kebul, sun ce suna layinmu. Masu bi ta wayar tarho kuma gudun da suka nuna min bai kai megabit 70 a daƙiƙa ba. A bangon falo bayan labule na ga wani ɗan farin akwati, wata waya mai kauri ta fito daga cikinsa, bakinta ƙarfe ne mai zare da ɗan tsinke a tsakiya kamar wayar dish ɗin gida, amma ban sani ba ko tana da rai. Abin da ke damuna, shin na kebul ɗin nan yana riƙewa da dare ko yana yankewa? Kuma in za su huda bango sai na nemi izinin mai gida? Sannan kwantiraginsu dogo ne ni kuma wata 13 ya rage min in gama in Allah ya so, ban san inda za mu koma ba bayan nan.

Injiniya Brum:
Wa alaikumus salam Malam, barka da tarewa Allah ya sa alheri. Wannan farin akwatin da ka gani shi ne rabin amsarka, yana nuna wanda ya zauna kafin ku ya taɓa sawa, wato ramin ma an riga an huda. Ka sauka ƙasa ka duba bangon waje ta gaban gida, galibi za ka ga wani akwatin roba ruwan ƙasa, ka bi wayar da ta fito daga shi da ido har inda ta shige bangonku na sama. In ba a yanke ta ba ko'ina to da wuya ka buƙaci injiniya, suna da tsarin da suke kira QuickStart, su aiko maka da rauta, wato na'urar waifai, a kwali ka ɗaura wayar da hannunka ka kunna. Ka ɗaure bakin sosai fa, yawancin yankewar da mutane ke kuka da ita a irin wannan layi daga sakakken baki take.

Maganar dare kuma sai ka fahimci yadda abin yake. Virgin layinsu daban ne, ba sa bin wayoyin Openreach, kamfanin da ke da layukan tarho, waɗanda kamfanoni irin su BT da Sky da TalkTalk ke hawa. Faiba, wato wayar gilashi mai saurin gaske, ce ke zuwa har unguwa, daga akwatin bakin titi kuma sai wayar tagulla irin ta talabijin ta ƙarasa gidaje, kuma gidajen da ke yanki ɗaya raba ƙarfin suke tsakaninsu kamar famfon unguwa, da safe ruwa na zuba da ƙarfi, in kowa ya buɗe nasa sai ya ragu. Shi ya sa ba wanda zai iya rantse maka daga nesa, wani layin lafiya lau shekara da shekaru wani kuma daga ƙarfe 8 na dare sai a hankali, musamman unguwar ɗalibai inda gida ɗaya za ka samu mutum shida kowa da abin da yake kallo. Mafi sauƙi ka ƙwanƙwasa wa maƙwabtanka na ƙasa ka tambaye su me suke amfani da shi kuma ya yake musu bayan isha.

Abin da na fi so ka lura da shi ba babbar lambar da suke tallatawa ba ce. Kai da madam turawa kuke yi, kiran bidiyo da aika fayil, kuma a tsarin kebul hanyar turawa ƙarama aka yanka mata, wajen kashi ɗaya cikin goma na saukewa a yawancin fakitinsu. Duk da haka ya isa kiran bidiyo biyu a lokaci guda, kuma wancan na wayar tarho iyakarsa 80 saukewa 20 turawa ne in kana kusa da akwatin titi, in kana nesa ya ragu. Virgin dai sun ce za su mayar da duk layinsu faiba zalla zuwa 2028, wasu unguwannin an riga an yi. Kafin ka yanke ka duba ko faibar kamfanin CityFibre ko faiba zalla ta Openreach ta iso adireshinka, in akwai ni ita zan ɗauka.

Maman Sadiq:
Ƙanena ni a kan izinin nan zan tsaya don ya taɓa cin kuɗina. Gidan da muka fara zama, na kira ejan a waya na ce za a zo a sa mana faiba, ya ce ba komai ku sa, shikenan na ɗauka magana ta ƙare. Ranar da mai aikin ya zo ina wajen aiki, yarana ne a gida da ƙanwata, shi kuma ya ga hanya mafi kusa ita ce ta jikin firam ɗin taga sai ya huda nan, ya bi saman katakon gindin bango da ƙusoshin roba har falo. Da muka zo tashi mai gidan ya ɗauki hoton ramin ya ce ba da saninsa ba, ejan da na yi magana da shi ya bar aikin, ni kuma ba ni da ko layi ɗaya a rubuce. Haka aka yanki kuɗin gyara daga kuɗin ajiyarmu ina ji ina gani, kuma lokacin muna tsananin buƙatarsu don biyan na sabon gida.

Don haka ko da Injiniya ya ce wataƙila ba sai an huda ba, ka tura wa ejan gidanku imel yau ɗin nan, ka ce ga kamfanin, ga hoton akwatin da na tarar, in ya kama a yi sabon rami kun yarda? Kar ka karɓi amsar baki. Ka buɗe takardar hayarka ma, kusan duk akwai sakin da ya hana canza wani abu a ginin sai da rubutaccen izini. Ka ɗauki hoton bangon kafin da bayan, kuma ranar da za su zo ka tsaya da kanka ka nuna inda kake so waya ta bi. Kuɗin ajiya a Ingila har na hayar sati 5 ne doka ta yarda a karɓa tun 2019, ba ƙaramin kuɗi ba ne, kuma in rigima ta tashi masu riƙe kuɗin irin su DPS da TDS takarda da hoto suke dubawa.

Wani abu kuma tunda gidan rababbe ne, wani sa'in wanda ya ba ka haya shi ma ba shi ne mai ginin duka ba, in waya za ta ratsa farfajiya ko bangon na ƙasa kamfanin kan nemi takardar izinin mai ginin, wayleave suke ce mata, ita ce ke jawo jinkiri na makonni.

Abban Ilham:
Na gode Injiniya, na gode Yaya, Allah ya mayar miki da alheri. Na sauka na duba yanzu, akwatin ruwan ƙasan yana nan, wayoyi biyu suka fito ɗaya ta shiga ƙasa ɗaya ta hau bango ta bi gefen bututun ruwan sama ta shige daidai falonmu, ban ga inda ta yanke ba. Imel ɗin ma na tura.

Bakano a Ohio:
Mu nan Amurka dokokin daban ne ba zan sa baki a nan ba, amma kebul ɗin iri ɗaya ne. Na yi kusan wata biyu intanet ɗina na ɗaukewa sau uku sau huɗu a rana, fitilar modem ta yi ta ƙiftawa sai ta dawo da kanta, har na fara neman barin kamfanin. Da mai gyara ya zo sai ya buɗe wani ɗan murfi a cikin kabad ɗin kaya, ashe tsohon ɗan haya ya sa wani ƙarfen raba sigina mai baki huɗu don talabijin na ɗakuna, duk ya yi tsatsa, bakuna uku a buɗe ba komai a jiki. Ya cire ya haɗa wayar kai tsaye, tun ranar ban sake ganin matsalar ba. Ko mai baki biyu sabo fil yana cin kusan rabin ƙarfin sigina. To ka laluba bayan kujeru da ɗakin kwana ko akwai irinsa. Rautar kuma kar madam ta ce ta ɓata ado a tura ta bayan talabijin, bangon bulo na cinye waifai, in da hali teburin aikinta a ja masa waya daga rautar.

Malam na Bradford:
Saura maganar kwantiragi, kuma a ganina ita ce mai haɗari a lamarinka. Yawancinsu wata 18 ne ko 24, kai kuma 13 gare ka, in ka fita kafin lokaci akwai kuɗin fita da ake lissafawa da watannin da suka rage. Kafin ka danna amincewa ka tambaye su ta wajen hira a shafinsu, in na koma adireshin da ba ku kai ba ko na bar ƙasar gaba ɗaya nawa zan biya, ka ajiye hoton amsar. Ka tambayi farashin gajeren kwantiragi ma ka kwatanta, wani lokacin tsadar wata-wata ta fi sauƙi a kan kuɗin fita. In duk bai yi ba akwai rautar 5G ta gida, kamfanin waya na Three na bayarwa wata-wata, ba rami ba izini, sai dai ita ma ya danganta da ƙarfin sabis a falonka.

Kana da kwana 14 na fasawa ba tara in ta intanet ko waya ka yi odar, amma ka tabbatar daga wace rana suke ƙirgawa, ranar oda ko ranar kunnawa. Kwanakin nan su ne gwajinka, kullum tsakanin 8 da 10 na dare ka haɗa kwamfuta da rautar da waya ka gwada gudu ka ɗauki hoto, kar ka gwada da waifai don ba za su karɓa a matsayin hujja ba. Manyan kamfanonin sun sa hannu a ƙa'idar Ofcom, hukumar kula da sadarwa ta ƙasar, cewa za su faɗa maka mafi ƙarancin gudun da suka lamunce, in ya faɗi ƙasa da haka suka kasa gyarawa cikin kwana 30 kana iya tafiya ba tara. Akwai kuma diyya da ke shiga asusunka da kanta tun Afrilun 2019, lokacin fam 25 ne in injiniya ya saɓa alkawarin zuwa, fam 8 kowace rana in layi ya mutu ya wuce kwana 2 na aiki, kuma ana ƙara kuɗin duk shekara, amma sai ka kai rahoton lalacewar kafin a fara ƙirga. Ƙarin farashi na tsakiyar kwantiragi ma tun 17 ga Janairun 2025 dole su rubuta maka shi fam da kwabo tun farko, ka sa shi cikin lissafinka.

Abban Ilham:
Jama'a Allah ya saka da alheri. Ejan ya amsa a rubuce, ya ce in ta tsohon ramin ne ba matsala, in sabo ne sai an sake tambayar mai gida. Na ƙasa kuma sun ce shekara uku suna kan kebul ɗin, sau biyu kawai suka tuna ya ɗauke. Na laluba kamar yadda Bakano ya ce na samu ƙarfen raba siginar nan a bayan gadon yara, mai baki biyu, ban taɓa shi ba tukuna sai kayan sun iso. Gobe zan tambaye su kuɗin fita kafin in sa hannu, in na samu amsa zan sa ta a nan don wanda zai zo bayana.