Kalmar "bandits" a ɗakin labarai: ku yaya kuke yi da ita?

Edita, Kaduna:
Assalamu alaikum abokan aiki. Ina so mu tattauna kan kalmar nan bandit da 'yan uwanta: bandits, banditry, armed bandits, har da repentant bandits. Da wuya sanarwar 'yan sanda ko ta sojoji ta zo daga Zamfara, Katsina, Sakkwato ko Birnin Gwari ba tare da ita ba. A teburinmu "'yan bindiga" muke cewa, amma zuciyata ba ta kwanta da ita ba. Kowa ya faɗi abin da ya gani.

Mai fassara, Kano:
Wa alaikumus salam, Malam. Da na fara aiki "ɓarayin shanu" muke rubutawa, don ta nan ɓarnar ta faro. Da aka koma ƙona ƙauyuka da sace mutane sai muka koma "'yan fashin daji". Turancin kuwa bai motsa ba. Na fi jin nauyin abin a Disambar 2020, lokacin da aka kwashe ɗaliban Ƙanƙara. Hukumomi na cewa bandits, ga saƙon muryar Shekau, shugaban Boko Haram a lokacin, yana cewa mutanensa ne. Dole muka jingina wa kowane ɓangare maganarsa.

Wakiliya, Gusau:
Yallaɓai, mutanen da abin ke faɗa wa ba sa wannan dunƙulewar. Na taɓa zama da wani dattijo a harabar wata makarantar firamare da suka fake, ƙafafunsa duk kaushi, yana riƙe da ledar magani. Na ce, "Baba, 'yan bindiga ne?" Ya ce, "'Yata, yaran wane ne." Ya faɗi sunan jagoransu, da dajin da suke, da kuɗin da aka yanka wa garinsu kafin a bar su su yi girbi. Na aika da rahoto cikakke. Da ya fito a shafin Turanci, harajin, da noman dole a gonakin ɓarayin, da matan da aka tafi da su, duk an tattara su a cikin banditry. Abin ya yi mini ciwo. Mai karatu a Legas zai zaci fashi ne kawai.

Tsohon ɗan jarida, Abuja:
Gaskiyarki, ƙanwata. Ku tuna a Nuwambar 2021 Mai Shari'a Taiwo Taiwo na Babbar Kotun Tarayya a Abuja ya ayyana ayyukan 'yan bindiga a matsayin ta'addanci, gwamnati ta buga a gazet, wato jaridarta ta sanarwar hukuma, a Janairun 2022. Washegari shugaban teburinmu ya ce daga yau terrorists. Ba a je ko'ina ba muka dawo gidan jiya, don su kansu jami'an ba su daina cewa bandits ba. Sai ka ga kanun labari da kalma ɗaya, cikinsa da wata. Sannan a Agustan 2022 hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5 kan shirinta game da matsalar, kowa ya ƙara taka-tsantsan.

Ma'aikacin rediyo, Maraɗi:
Mu daga Faransanci take zuwa mana, bandits armés. Amma mutanen Madarunfa da Gidan Rumji "'yan bindiga" suke cewa, kamar baƙinmu da suka tsallako daga Najeriya tun 2019, shi ya sa muke bin bakinsu.

Wakili, Katsina:
Ni abin da ke damuna shi ne wanda ake liƙa wa ita. Idan 'yan sa-kai suka kashe Bafulatani a kasuwa, sanarwa kan ce suspected bandit, wato wanda ake zargi ɗan bindiga ne, wasu jaridun kuma su zubar da suspected ɗin. Tun bayan Tudun Biri, a Disambar 2023, da jirgin soja marar matuƙi ya hallaka masu Mauludi, ba na rubuta "an kashe 'yan bindiga". Ina rubuta "rundunar ta ce ta kashe", sannan in nemi mai gari a waya.

Edita, Kaduna:
Na gode. Hajiya ta Gusau, don Allah turo mini rahoton nan na asali, zan kai shi taron tebur gobe da safe. Wakilanmu na Neja da Kebbi, ku muke jira.