Gidan wucin gadi bayan ambaliya, wa zai gina?

Maman Biyar: Jama'a, tun fashewar madatsar Alau ranar 10 ga Satumba, 2024, gidanmu na unguwar Gwange a Maiduguri ya rushe. Ni da yara biyar muna ɗaki ɗaya a gidan yayata, buhun kaya ne matashinmu. Ƙaramar hukuma da ƙungiyoyin agaji ba za su haɗa hannu su yi mana matsuguni ba?

Ɗan Tasha: Allah ya kawo sauƙi, Hajiya. Hukuma ta ba da fili, ƙungiya ta kawo kwano da katako. Amma a fara da rijiyar burtsatse da banɗaki, saboda kwalara.

Malama: Yaya, a haɗa da tallafin kuɗin haya. Sansanin 'yan gudun hijira na Bakassi a Maiduguri ma na wucin gadi ne, amma sai 2021 aka rufe shi.

Maman Biyar: Ni dai ya zama kusa da makarantar yaran nan.